Hanyoyin Karkara a Ƙasar Gumel: Taskar Harshe, Tarihi da Al'ada

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin kayan koyarwa waɗanda malamin Hausa zai iya tanada a cikin aji, kamar allo da hotuna da katuttukan kalmomi. A wannan darasi kuwa za a fita wajen aji ne, domin a dubi wani abin koyarwa wanda ba a saye da kuɗi, kuma babu makarantar karkara da ba ta da shi a bakin ƙofarta, wato hanyoyin ƙafa da na dabbobi waɗanda suka ratsa gonaki da dazuzzuka suka haɗa ƙauye da ƙauye.

An ɗauki ƙasar Gumel a matsayin misali, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Dalilin wannan zaɓi shi ne, yanki ne da manomi da makiyayi da falke suka daɗe suna bin hanya ɗaya, kuma harsuna uku suka haɗu a cikinsa: Hausa da Barbarci da Fulatanci. Abin da darasin yake son tabbatarwa shi ne, kowace tsohuwar hanya tana ɗauke da kalmomi da sunaye da labarai waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba, kuma ranar da aka nome hanyar, ko aka daina bin ta da ƙafa, sai su fara ɓacewa daga bakin jama'a. Malamin Hausa yana cikin mutane ƙalilan da suke da damar adana su.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambanta ire-iren hanyoyin karkara da sunayensu na Hausa;
(b) bayyana yadda tarihin ƙasar Gumel ya danganci hanyoyinta;
(c) fito da misalan ƙirar kalma da aron kalmomi da sunayen wurare daga abubuwan da ake gani a kan hanya;
(d) tsara ziyarar gani da ido ta ƙafa ga ɗalibansa, tun daga shiri har zuwa aikin aji.

2.0 Hanya da Ire-irenta

Kalmar hanya ita ce uwa, domin ta ƙunshi duk wani wuri da aka saba bi daga wani waje zuwa wani. Amma Bahaushen karkara ba ya tsayawa a kanta, sai ya rarrabe. Ga kaɗan daga cikin kalmomin da yake amfani da su:

(a) Turba: siririyar hanya wadda ƙafa ta fitar saboda yawan bi, kamar wadda ta tashi daga gari zuwa gona ko zuwa rijiya.
(b) Gwadabe: babbar hanya mai faɗi, irin wadda ayari ko mahaya suke bi tsakanin manyan garuruwa.
(c) Burtali: hanyar dabbobi wadda ta ratsa tsakanin gonaki, aka kange ta dama da hagu da shinge don kada dabbobi su yi ɓarna.
(d) Labi: faffaɗar hanyar da garken shanu yake bi zuwa wurin kiwo ko mashaya. A wurare da dama ana musanya labi da burtali a magana.
(e) Mararraba: inda hanya ta rabu biyu ko fiye.
(f) Yanke: gajeriyar hanyar da ake bi don a rage nisa.
(g) Ratse: barin hanya a nufi gefe, don wata bukata ko don kuskure.
(h) Titi: hanyar zamani wadda hukuma ta gina, ko da kwalta ko babu.

Abin lura a nan shi ne, yawan kalmomin da al'umma take da su a kan wani abu yana nuna matsayin abin a rayuwarta. Mutumin da ya tashi a birni yana iya rayuwa da kalmomi uku kawai: hanya da titi da lungu. Manomi kuwa dole ne ya san bambancin turba da burtali, domin turba ta mutane ce, ana iya karkatar da ita idan an yi shawara, amma burtali haƙƙin dabbobi ne, wanda ya cinye shi da garma ya jawo rigima.

3.0 Ƙasar da Hanyoyin Suka Ratsa

Garin Gumel, wanda ake yi wa laƙabi da Lautai, yana kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano. Maigatari tana arewa da shi, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, Sule Tankarkar tana yamma, Gagarawa kuwa kudu maso gabas. Mafi yawan ƙasar rairayi ce, mai hawa da sauka a hankali, tudu yana bin kwari, kwari yana bin tudu. Irin wannan tudun rairayi shi ake kira jigawa, kuma daga wannan kalma jihar ta sami sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Mai tafiya zai kuma ci karo da fako, wato tsandaurin wuri da shuka ba ta kama shi, da fadama mai riƙe laima, da tafki mai tara ruwan damina, da saura, wato gonar da aka bari ta huta, da kufai, inda gari ya taɓa zama aka tashi.

Amfanin gonar da aka fi nomawa a yankin shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo da kankana. Sai dai abin da ya fi jan idon baƙo shi ne itatuwan da suke tsaye ɗaiɗai a cikin gonakin. Waɗannan itatuwa ba ragowar daji ba ne da aka manta da su. Manomi ne ya zaɓe su lokacin sassabe ya bar su, kowanne da dalilinsa. Kuka tana ba da miya da igiya, tsamiya tana shiga kunu, aduwa da kanya da magarya da kurna suna ba da 'ya'ya, goruba tana ba da kaba ta saƙar tabarma da faifai, dakwara tana ba da ƙaro. Gawo kuwa halinsa dabam ne, domin yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar yana zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoma sun daɗe da sanin cewa geron gindin gawo ya fi kyau, kuma binciken masana aikin gona ya tabbatar da haka.

A gefen hanya akan ga sabara da kalgo da tumfafiya, a kan iyakar gona kuma akan ga gamba, burtali kuwa akan kange shi da aguwa ko da ƙaya. Wanda ya san waɗannan tsirrai yana iya karanta ƙasa kamar yadda ake karanta littafi: jerin aguwa biyu da suka miƙe kafaɗa da kafaɗa suna nuna burtali ko da babu saniya ko ɗaya a wurin, tarin tsofaffin kukoki a fili kuma sau da yawa alamar kufai ne.

4.0 Hanyoyi a Tarihin Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, wato wani reshe na Barebari, kuma an kafa ta ne wajen tsakiyar ƙarni na 18. Ta kasance a ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga cikin Daular Sakkwato ba bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Fadarta ta zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, kafin ta dawo Gumel ta yanzu. Zamanta tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram da Barno ya jawo mata abu biyu: ciniki da yaƙi, kuma duka biyun ta hanya suke zuwa.

Ta fuskar ciniki, Gumel zango ce a kan gwadaben da ya haɗa Kano da Kukawa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, kuma ya bayyana shi a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda kayan da aka ɗauko daga ƙasar Muniyo da Barno suke sauya hannu kafin su wuce kudu zuwa ƙasar Nufe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya tarar rikicin sarauta ya durƙusar da garin. Wannan ciniki ya bar mana kalmomi irin su ayari da madugu da jagaba da zango da mangul, wato gishirin ƙasar Manga. Har yau akwai unguwar Zango da ta Ɗantanoma a cikin garin Gumel.

Abubuwa uku ne suka sauya tsarin hanyoyin a ƙarni na 20. Na farko shi ne zuwan Turawa. Gumel ta shiga hannun Ingila a 1903, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka shata iyaka a ƙasa, wadda ta yanke tsofaffin turbobi biyu, ta bar dangi wasu a nan wasu a can. Na biyu shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya biyo ta Gagarawa, sai jakuna da raƙuman da suke ɗauke da gyaɗa suka karkata zuwa tasha. Wannan ne ya sa a yau ake da Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Na uku shi ne titin mota, wanda ya kwashe manyan kaya daga gwadabe gaba ɗaya.

Duk da haka, akwai tsofaffin hanyoyin da suke raye. Kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma wani kaso na shanu da raƙuma da tumakin da ake kawowa daga Nijar da ƙauyukan kewaye da ƙafa suke shigowa, ta labin da kakanninsu suka bi.

5.0 Abin da Manazarcin Harshe Zai Tsinta a Kan Hanya

5.1 Ƙirar Kalma

Hanya cike take da sunayen wuri waɗanda aka gina da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -a ko -i a jikin saiwar aikatau. Misali:

sha: mashaya
rarraba: mararraba
haɗa: mahaɗa
fake: mafaka
sauka: masauki
shekara: mashekari

Wannan fage ne mai kyau na koyar da karin sauti. Kalmar makiyaya, idan aka furta dukkan gaɓoɓinta da karin sama, tana nufin wurin kiwo. Idan kuwa aka furta gaɓar farko da ta ƙarshe da karin sama, biyun tsakiya da karin ƙasa, tana nufin masu kiwo. Haka abin yake a maƙera da marina, inda karin sauti kaɗai yake raba wurin sana'a da masu sana'ar. Yaron da aka nuna wa filin kiwo da Fulanin da suke tsaye a cikinsa, aka sa shi ya furta sunan kowanne, zai riƙe wannan ƙa'ida fiye da wanda aka rubuta wa ita a allo.

5.2 Aron Kalmomi

Kowane rukunin mutane da ya bi hanyar ya bar kalmarsa. Burtali da ruga daga Fulatanci suke. Hurumi, wato filin da ake keɓewa a gefen gari don amfanin kowa, daga Larabci yake. Tasha da kwalta da kwalbati daga Ingilishi aka aro su, aka yi musu kwaskwarima suka dace da tsarin gaɓar Hausa. Titi kuwa asalinta Ingilishi ne, amma ta bakin Yarabawa ta iso. Ke nan idan aka jera kalmomin hanya bisa tushensu, za a ga tarihin cuɗanyar Bahaushe da maƙwabtansa a taƙaice.

5.3 Sunayen Wurare

Sunayen garuruwa da ƙauyukan yankin ana iya kasa su kamar haka:

(a) Masu tsarin mai + suna: Maigatari, Mai'aduwa.
(b) Masu tsarin gari + sunan mutum ko sarauta: Garin Gambo, Garin Ciroma.
(c) Masu tsarin ɗan + suna: Ɗanzomo, Ɗangwanki, Ɗanladi.
(d) Masu ɗauke da gurbin Barbarci: Fulata, wadda ita ce kalmar da Barebari suke kiran Fulani da ita, da Kukayasku, inda ɓangare na biyu ya yi daidai da kalmar da take nufin uku a harshen, wato kuka uku ke nan.

A nan akwai gargaɗi. Tsarin suna abu ne da manazarci yake gani da idonsa, amma dalilin sanya sunan yana bakin dattawa. Suna kamar Ɗangwanki yana iya komawa ga dabbar kanta, yana kuma iya zama laƙabin wanda ya sari garin. Aikin ɗalibi shi ne ya tambaya, ya rubuta duk ruwayar da ya ji tare da bayanin wanda ya ba shi, kada ya ƙirƙiro labari don sunan ya yi masa daɗi.

5.4 Faɗaɗar Ma'ana da Karin Magana

Bahaushe ya ɗauki kalmomin tafiya ya auna rayuwa da su. Ana cewa hanyar koyarwa, da hanyar cin abinci, wato sana'a. Ana cewa an ɗora yaro a kan turba, ko wane ya kauce hanya, ko mai jawabi ya yi ratse. Tafarki kuwa ta kusa barin ma'anarta ta zahiri, an fi jin ta a maganar aƙida da ɗabi'a. Haka kuma karin magana da dama daga hanya suka fito, kamar: hanyar lafiya a bi ta da shekara, matambayi ba ya ɓata, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, da ɗan gari akan ci gari, kyan tafiya dawowa. Yaron da bai taɓa tsayawa a mararraba yana neman wanda zai tambaya ba, haddar waɗannan maganganu kawai zai yi.

5.5 Al'adun Hanya

Hanya tana da ladubbanta. Mai wucewa shi yake fara gaida mai aiki a gona da sannu da aiki, na zaune kuma ya tari mai isowa da sannu da hanya. Ana yi wa matafiyi guzuri, ana yi wa baƙo rakiya har bayan gari, a sallame shi da a sauka lafiya ko Allah ya kiyaye hanya, shi kuma ana sa ran ya dawo da tsaraba. A wasu ƙauyuka akan ajiye randar ruwa a gindin itace don masu wucewa, bayan damina kuma akan yi gayya a share turbar da ciyawa ta rufe. Duk waɗannan abin nazari ne a darasin al'ada da na gaishe-gaishe.

6.0 Halin da Hanyoyin Suke Ciki a Yau

Abubuwa da dama sun taru suna rage waɗannan hanyoyi. Jama'a sun ƙaru, gonaki suna ta rarrabuwa ta hanyar gado, saura ta yi wuya, don haka kowane manomi yana ɗan ƙara kunya ɗaya ko biyu a gefen burtali har ya tsuke. Idan burtali ya tsuke, shanu sukan faɗa gona, daga nan sai faɗa. Babur kuma ya rage tafiyar ƙafa: yaron da a da yake bin mahaifinsa kasuwa yana tambayar sunan kowane itace, yanzu a bayan babur yake wucewa cikin ƙura. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, saran itacen girki kuma ya ƙara a kai.

Na taɓa fita da wasu ɗalibai masu koyon aikin malanta zuwa wani ƙauye a wannan yanki. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, amma da wani dattijo ya tsaya ya nuna mana inda ya ce labi ne a zamanin ƙuruciyarsa, gero ne kawai a wurin, kuma kaɗan ne daga cikin ɗaliban suka iya faɗin abin da kalmar take nufi. Filin da kalmar sun tafi tare.

Hukumomi sun yi ƙoƙari ta fuskoki da dama. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Ƙungiyar ECOWAS ta tsara ƙa'idojin ketare iyaka da dabbobi a 1998. Jihar Jigawa ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya a zamanin Gwamna Sule Lamido, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Ta fuskar itatuwa kuwa, Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da suke cikin shirin kafa koriyar ganuwa ta itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A ketaren iyaka ma akwai abin koyi. Ana ba da labari a Damagaram cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sanya hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Daga shekarun 1980 kuma manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a riƙa yi masa aski har ya zama itace, kuma ta haka miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa.

Yana da kyau a kwatanta da wata ƙasa. A Ingila, hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin mutane da tsofaffin gandayen masu sarauta haƙƙi ne na jama'a a doka, mai gona ba shi da ikon toshe su. Wata doka ta 1949 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su zana kowace irin wannan hanya a taswira, a 1965 kuma aka buɗe doguwar hanyar ƙafa ta duwatsun Pennine, mai tsawon fiye da kilomita 400. Mutanen can suna bin hanyoyin ne don shan iska da motsa jiki. Bahaushen karkara kuwa bukata ce take fitar da shi: gona ko kasuwa ko zumunci. Darasin da za a ɗauka shi ne, hanyar da aka rubuta sunanta aka zana ta tana da mai kare ta, wadda kuwa take cikin ƙwaƙwalwar dattawa kaɗai, kwananta yana tare da nasu.

7.0 Yadda Malami Zai Shirya Ziyarar Ƙafa

7.1 Kafin Fita

Malami ya fara bin hanyar shi kaɗai, ya san nisanta da wuraren hutawa. Kilomita 2 zuwa 3 sun ishi 'yan manyan azuzuwan firamare, 'yan ƙaramar sakandare kuwa suna iya yin 5. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka ko farkon hunturu, da hantsi, lokacin da amfanin gona yake a fili kuma rana ba ta yi zafi ba. Ya nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, sannan ya gaida mai unguwa ko dagaci ya sanar da shi. Ya nemi 'yan rakiya uku idan hali ya yi: dattijo manomi, da makiyayi, da dattijuwa, domin sanin ganyayen miya da na magani irin su tafasa da yaɗiya ya fi yawa a wurin mata. A tanadi ruwan sha da takalma, saboda ƙarangiya da tsidau. A yankunan Maigatari da Sule Tankarkar, malami ya tabbata hanyar da ya zaɓa ba ta ketare iyakar ƙasa ba.

7.2 Lokacin Tafiya

A kasa ɗalibai rukuni huɗu. Na farko ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai, na biyu sunayen ire-iren ƙasa da hanyoyi, na uku sunayen wurare da labaransu, na huɗu gaishe-gaishe da karin magana. Kowace kalma a rubuta ta da abubuwa biyar: yadda aka furta ta, ma'anarta, jimlar da aka ji ta a ciki, wurin da aka ji ta, da sana'a da kimanin shekarun wanda ya faɗe ta. A rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi, ko da ya saɓa wa Daidaitacciyar Hausa, domin wannan saɓani shi ne bayanin karin harshe. Idan za a naɗi murya da waya, a nemi yardar mai magana tukuna. Kada a shiga shuka, kada a tsinki abin gonar kowa, idan an haɗu da garke a ba shi hanya.

7.3 Bayan Dawowa

Ziyarar da ba a bi ta da aikin aji ba yawo ce kawai. Kowane rukuni ya gabatar da abin da ya samo, a tace, a jera kalmomin bisa tsarin abacada, a kula da baƙaƙe masu ƙugiya da rabon kalmomi, a fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na aji. A zana taswirar hanyar a babbar takarda, a sa sunan kowace mararraba da babban itace da rijiya. Daga nan malami yana da abin da zai gina insha'in siffantawa da na labari a kansa, da muhawara a kan haƙƙin manomi da na makiyayi. A ƙarshe, a ajiye kwafi a makaranta, a kai wa dagaci kwafi, a koma a yi wa 'yan rakiya godiya.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa hanyoyin karkara na ƙasar Gumel suna da ire-ire, kowanne da sunansa da haƙƙinsa, kuma sun ratsa ƙasar da manomi ya tsara itatuwanta da gangan. An ga yadda ciniki da iyaka da jirgin ƙasa suka sauya su, da yadda ake samun misalan ƙirar kalma da aro da sunayen wurare da karin magana a kansu. An kuma nuna cewa suna raguwa, kalmominsu suna bin su. Malamin da ya fita da ajinsa sau ɗaya a shekara, ya rubuta abin da aka ji aka gani, ya koyar da Hausa ta hanyar da yara ba za su manta ba, kuma ya bar wa garin abin da za a iya komawa gare shi.

9.0 Auna Fahimta

1. Bambanta turba da gwadabe da burtali da labi, tare da sanya kowace a cikin jimla.
2. Kawo abubuwa uku da suka sauya tsarin hanyoyin ƙasar Gumel a ƙarni na 20, ka yi bayanin tasirin kowanne.
3. Nuna yadda karin sauti yake bambanta ma'ana a kalmomin makiyaya da maƙera da marina.
4. Me ya sa manomi yake barin gawo a gonarsa?
5. Wace hikima ce take cikin rubuta kalma yadda aka ji ta, ko da ta saɓa wa Daidaitacciyar Hausa?

Jinga: Zaɓi wata tsohuwar hanya a garinku, ka bi ta tare da wani dattijo, ka tattaro kalmomi 30 da sunayen wurare 10 bisa tsarin da aka bayar a 7.2, sannan ka tsara darasin minti 40 na aji ɗaya na ƙaramar sakandare daga abin da ka samo.